Kafin a Miƙa Takardun Kasuwanci ga Masu Sikanin

Gobara irin wadda ta tashi a Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ba kaya kaɗai take ci ba, har da rasit da littafin bashi. Shi ya sa 'yan kasuwa ke ɗaukar kamfanonin da za su mayar musu da takardu cikin kwamfuta.

Ɗan kasuwa mai lura yakan fara da gwaji. Ya ba kamfanin fayil guda mai wahala: rasit na POS da ya fara koɗewa, da takardar da hatimi ya hau kan sa hannu. In lambobin sun fito tsaf a ƙarfin 300 dpi, sai ya laluba sunan wani abokin ciniki a cikin PDF ɗin, domin manhajar karanta rubutu kan rikita ƙ da k.

Sai batun amana. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin bayanan abokan ciniki a wuyan ɗan kasuwar. Don haka yarjejeniya ta fayyace wanda zai taɓa takardun, da ranar da kamfanin zai goge kwafinsa.

Takardun fili da na kwangila kuwa, a ƙirga shafukansu, a karɓo na asali.