Ina laulayi, ga tafiyar Umara ta taso

Ina ɗauke da cikin fari, wata biyu da 'yan kwanaki, kuma laulayi ya sa ni gaba. Ko Keke Napep na hau daga nan Unguwar Shanu zuwa Kawo, kafin in sauka zuciyata ta tashi, wani lokaci sai na roƙi mai keken ya tsaya in yi amai. Ga shi maigida ya biya mana kuɗin Umara, za mu tashi ta Kano nan da mako uku, ni kuwa ban taɓa shiga jirgi ba. Surukata ta ce in daure, ai tafiyar ibada ce. Ƙawata kuma ta ce in sayi Avomine a kemis, in sha biyu in yi barci har Jidda. Ina jin nauyin in ce wa maigida a ɗaga, kada ya ga kamar na raina alherinsa. Anti, ya zan yi?

Ƙanwarki daga Unguwar Shanu, Kaduna.

Ƙanwata, Allah ya raba lafiya, ya kuma saka wa maigida da alheri.

Shawarata ita ce ki roƙi a ɗaga tafiyar nan da wata ɗaya ko mako shida. Laulayi yakan fi tsanani wajen mako na 9, sannan ga yawancin mata ya lafa tsakanin mako na 14 da na 16. Ranar da aka sa muku kina mako na 12 ko na 13, wato saura ƙiris ki fita daga wahalar. Likitocin mata ma sun fi son mai ciki ta yi tafiyar jirgi tsakanin mako na 14 da na 28. Umara ba Hajji ba ce, ana yin ta kusan duk shekara, in ban da lokacin da Saudiyya ke rufe biza saboda aikin Hajji. Ki kuma tuna ba jirgin kaɗai ba ne: akwai mota daga Kaduna ta Zariya zuwa Kano, sama da kilomita 200, sai fiye da awa huɗu a sama, sai wata motar daga Jidda zuwa Makka, sai ɗawafi da sa'ayi, wanda shi kaɗai ya haura kilomita uku. Wadda ruwa ba ya zama a cikinta, da wane ƙarfi za ta yi wannan?

Batun kunya kuwa, ki ja maigida ku je awo tare, ya ji daga bakin likita. Surukarki ma don tana son ki da ladan ne ta ce ki daure. In ɗanta ya yi mata bayani za ta gane.

Shi jirgi ba ya cutar da ciki mai lafiya. Tashin zuciyar tafiya yana zuwa ne idan ido da can cikin kunne suka saɓa: kunne na jin ana motsi, ido na ganin kujera a tsaye, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Ciki kuma yana ƙara wa abin ƙarfi, balle ga wadda dama mota ke juya mata kai.

In tafiyar ba ta ɗagu ba, ki nemi kujera daidai fukafukin jirgi, nan ne girgiza ta fi sauƙi, kuma ta bakin hanya don ki riƙa tashi ba tare da kin tsallake kowa ba. Kada ki shiga da yunwa, don cikin da babu komai ya fi saurin tashi. Kada kuma ki cika shi da maiƙo. Ki bar wake da lemo mai gas tun jajibiri, saboda iskar ciki takan kumbura in an yi sama. Ki riƙe biskit mara zaƙi, dabino da 'yar citta, kina tsakura kaɗan-kaɗan. Citta an gwada ta, tana rage tashin zuciyar masu ciki. Ruwa kuma kurɓi-kurɓi, domin iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai. Ki ajiye waya, ki jingina kanki, ki buɗe 'yar iskar da ke saman kujera ta riƙa bugun fuskarki. In ƙamshin abinci ko turaren maƙwabciya ya dame ki, ki shinshina ɓawon lemun tsami. Akwai jakar amai a aljihun kujerar gabanki, kuma ma'aikatan jirgi sun saba, ba abin kunya ba ne. Bel ɗin kujera a ƙasan ciki ake ɗaura shi. Ki riƙa motsa ƙafafu kina ɗan takawa, don dogon zama na iya daskarar da jini a jijiyar ƙafa, masu ciki kuma sun fi fuskantar haka.

Maganar ƙawarki ban yarda da ita ba. Akwai magungunan amai da ake ba masu ciki, har da bitamin B6, amma likita ne zai zaɓa ya faɗi adadi. Ki fara gwada maganin a gida, don wasu na sa barci da jiri.

Ki tambayi likitan kuma batun rigakafi. Saudiyya na neman shaidar allurar sanƙarau da ta zazzaɓin shawara daga 'yan Najeriya. Ta shawara ba a cika yi wa mai ciki ba, amma in kin taɓa yi, katin yana aiki har tsawon rai. A auna jininki ma: mai ƙarancin jini sosai, ko mai sikila, ko wadda ta ga jini, ba ta hawa jirgi sai da izinin likita.

In kuwa amai ya kai ko ruwa ba ya zama, fitsari ya ragu ya yi duhu, kina ramewa, to ya wuce laulayin da ake daurewa. Ki tafi asibitin Barau Dikko ko na Kawo a ranar, kada ki jira ranar awo.