Murar Tsuntsaye: Abin da Za Mu Yi Sa'ad da Kaji Suka Soma Mutuwa

Da wuya a sami gida a cikin ikklisiyoyinmu inda ba a kiwon kaza. Wani yana da biyar suna tone-tone a tsakar gida, wata tana da talatin a akurki, waɗansu kuwa, musamman waɗanda suka bar aikin gwamnati, sun zuba kuɗin sallamarsu kaf a kan kajin ƙwai ɗari biyar ko dubu. Kaza ita ce asusun talaka. Ita akan kama a sayar ran da aka koro yaro daga makaranta, ita akan yanka wa baƙo, ita ce kuma mukan riƙo zuwa coci ranar godiyar girbi. Sabili da haka muka ga ya dace darasinmu na wannan wata ya zama a kan cutar nan da takan share garke ɗungum cikin kwana biyu ko uku, watau murar tsuntsaye.

Yadda ta iso wurinmu

Ƙwayar cutar da ta fi yi mana ɓarna, masana sun sa mata suna H5N1. A shekara ta 1996 aka fara gane ta a jikin dinyoyi a kudancin ƙasar Sin. A 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 daga cikinsu suka rasu, hukuma kuwa ta sa aka karkashe kajin birnin duka, fiye da miliyan ɗaya, cikin 'yan kwanaki. Waɗanda suka ji labarin a rediyo a lokacin sun ɗauka abu ne na nesa. A watan Fabrairu na 2006 sai aka tabbatar da ita a wata babbar gonar kaji kusa da Jaji, a ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Wannan ne karo na fari da aka same ta a gonar kaji a nahiyar Afirka. Kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Kano da Filato, ta kuma haye iyaka zuwa Magariya a Jamhuriyar Nijar. Zuwa 2008 ta taɓa jihohi 25 da Abuja, tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya suka salwanta, waɗansu cutar ta kashe, waɗansu hukuma. A watan Janairu na 2007 wata matashiya mai shekara 22 ta rasu a Legas ta dalilinta. Bayan ta lafa na 'yan shekaru ta sake dawowa a farkon 2015, ta Kano da Legas, ta kuma sake tashi a 2021.

Mukan ji ana cewa tsuntsayen daji ne suke kawo ta, akwai kuwa gaskiya a ciki. Kowace shekara, idan sanyi ya tsananta a Turai da Asiya, agwagin ruwa da ire-irensu sukan sauko fadamun Haɗeja da Nguru da kuma Tafkin Chadi, waɗansunsu ɗauke da ƙwayar. Binciken masana ya nuna cewa a 2006 cutar ta shigo ƙasar nan fiye da sau ɗaya. Amma bari mu faɗa wa juna gaskiya: tsuntsun daji iyakarsa ya kawo ta bakin kofa. Daga gona zuwa gona, daga kasuwa zuwa ƙauye, mu ne muke ɗaukarta.

Ƙwayar tana fita ne ta kashin kaza da yawunta da majinarta. Kashin da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya harbi kaji masu yawa. Yakan manne a ƙasan takalmi, a tayar babur, a kwandon da ɗan kasuwa yake yawo da shi gida gida. Kiret na takarda da ake zuba ƙwai, wanda yakan zaga gonaki goma a wata guda ba mai iya wanke shi, yana cikin manyan masu yaɗa ta. Haka buhun abincin kaji da aka juye aka sake sayarwa, haka kuma takin kaji da masu lambu suke saye mota mota. Zafin rana yakan kashe ƙwayar da wuri, amma a cikin sanyi da laima takan yi makonni da ranta. Shi ya sa ta fi tashi da hunturu, daidai lokacin da cinikin kaji ya fi yawa saboda Kirsimeti da Sabuwar Shekara. Sai kuma agwagwa, wadda ta kan ɗauki cutar tana yawonta garau, tana sha a kasko ɗaya da kaji, su mutu ita ta rage.

Yadda za mu gane ta

Babbar alama ita ce mutuwa ta farat ɗaya. Kajin da suka ci abinci da yamma lafiya, da safe a tarar da su a zube. Waɗanda suka ɗan jima sukan yi tsuru, fikafikai a sake, kai ya kumbura, tsoron kansu da fatar da ke reto ƙarƙashin baki su koma shuɗi-shuɗi, a ga jini ya taru a ƙafafu kamar an ƙuje su. Akwai zawo, akwai wahalar numfashi. Masu ƙwai sukan daina, ko su saka ƙwai mai laushin ɓawo.

Wani zai ce, ai wannan ita ce annobar da muka saba gani kowace shekara da hunturu tun zamanin kakanninmu. Gaskiya ne sun yi kama ƙwarai. Waccan ita ce likitocin dabbobi suke kira cutar Niyukasul, kuma ko likita ba ya iya rarrabe su da ido. Sai an ɗebi samfuri an aika ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a jihar Filato. Amfanin sanin wannan shi ne, ita Niyukasul tana da rigakafi mai araha, wanda cibiyar Vom ɗin take haɗawa, har da irin wanda ake ɗiga wa kaza a ido. Wanda ya yi wa kajinsa wannan rigakafi ya tsare su daga annobar da ta fi yawan kashe kajin gida. Idan kuma duk da haka ya ga suna zubewa, to, ya san lalle akwai wata a ƙasa.

Ita murar tsuntsaye ba ta da magani. Ja-da-yalo da mukan fasa a ruwan sha, da barkono, da ɓawon maɗaci, ba ko ɗaya da yake taɓa ta. Kuɗin da aka kashe a kansu asara ce a kan asara, kwanakin da aka ɓata ana gwada su kuwa su ne cutar take samu ta shiga maƙwabta.

Ranar gwaji

A nan ne muke so mu dakata, gama a nan ne maganar take. A ce wata uwa a cikin Zumuntar Mata tana da kaji ɗari biyu da ta saya da kuɗin adashi. Ran Litinin ta tarar da biyar sun mutu. Ran Talata ashirin. Ba ta bukatar kowa ya faɗa mata abin da zai faru ran Jumma'a. Kafin azahar dillali ya ji labari, gama irin wannan labari ba ya kwana, ya zo da mota ya ce zai kwashe sauran a rabin kuɗi. Ga bashi, ga kuɗin makaranta. Wane ne a cikinmu zai ce zuciyarsa ba za ta raya masa ya karɓa ba?

Amma mu bi motar nan mu ga inda za ta. Kasuwar kaji za ta, inda za a zuba su keji ɗaya da na mutane ashirin. Waɗanda ba a sayar ba za a kai su kasuwar ƙauye ta gobe. Wata tsohuwa za ta ga kaza mai araha ta saya domin iri, ta sake ta cikin nata. Masu yanka da figa za su yini hannunsu cikin jininsu. Rabin kuɗin da 'yar'uwarmu ta tsira da shi, gidaje hamsin ne za su biya, kuma mafi yawansu sun fi ta talauci. Ta wannan hanya ce cutar ta zaga ƙasar nan a 2006, ba da mugunta ba, sai dai da tsoron asara.

Ba za mu ɓoye laifin hukuma a cikin wannan ba. Hanyar da gwamnati ta bi a 2006 da 2015 ita ce a kashe dukan tsuntsayen gonar da cutar ta shiga, a binne, a yi feshi, a biya diyya. Diyyar farko a 2006 naira 250 ce a kan kowace kaza, abin da bai kai kuɗinta a kasuwa ba. An ƙara daga baya, amma manoma da yawa sun daɗe suna jira kafin kuɗin ya fito. Ga shi kuma a kan waɗanda ma'aikata suka kashe ake biya, ban da waɗanda suka riga suka mutu. Mutumin da ya ga maƙwabcinsa ya kai rahoto ya ƙare da takarda a hannu, da wuya ya bi sahunsa. Duk da haka, wannan ƙa'ida ta ƙarshe tana koya mana wani abu: wanda ya yi jinkiri har garken ya ƙare ba shi da abin da za a ƙirga masa. Wanda ya je tun ran Litinin shi ne yake da abin nema.

To, abin da ya wajaba a ran nan kaɗan ne, ko da yake yana da nauyi. A rufe ƙofa: kada kaza, ko ƙwai, ko taki, ko buhu ya fita, kada kuma baƙo ya shiga. A aika wa malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ko ofishin likitan dabbobi na jiha. A sanar da maƙwabta domin su kulle nasu. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, amma sai mai gemun ya yi kururuwa tukuna kafin a sani. Mushen kuwa kada a jefa a bola ko a kwata ko a rafi, inda karnuka da ungulaye za su ja. A sa hannu cikin leda, a rufe hanci da baki, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne. Bayan an share ɗakin an wanke an yi feshi, a bar shi fanko har sai likita ya ce a sake zubawa.

Lafiyar mutanen gida

Cutar ba ta cika kama mutum ba, kuma da wuya ta tashi daga mutum zuwa mutum. Amma idan ta kama, da ƙarfi take kamawa. Daga 2003 zuwa yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum fiye da 800 da suka kamu, kusan rabinsu kuwa sun rasu. Yawancinsu ta wurin yanka, da figa, da gyaran kaza marar lafiya suka same ta. Mun san wa yake wannan aiki a gidajenmu: mata da yara. Al'adar nan ta cewa a yi maza a sa mata wuƙa kafin ta mutu, ita ce ya kamata mu bari. Dafuwa sosai, har naman ya bar ja ƙwai kuma ya daskare, tana kashe ƙwayar, saboda haka babu dalilin ƙaurace wa lafiyayyen nama da ƙwai kamar yadda aka yi a 2006 har masu gonakin da cutar ba ta taɓa ba suka karye. Hatsarin yana kafin a kai ga tukunya. Wanda ya taɓa matattun kaji, sa'an nan cikin kwana goma ya ji zazzaɓi da tari ko jan ido, ya tafi asibiti, ya kuma faɗa musu da bakinsa cewa ya taɓa kaji.

Kafin ranar ta zo

Tsarin yau da kullum ba ya cin kuɗi da yawa. Sabuwar kaza, ko saye aka yi ko kyauta ce daga surukai, a ware ta mako biyu zuwa uku kafin a haɗa ta da na gida. Wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba, ita ma baƙuwa ce. A raba agwagi da zabi da talotalo da kaji. A keɓe takalmi guda wanda ba ya fita daga ɗakin kaji, a ajiye kwano da ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta a bakin ƙofa, a riƙa sabunta shi. Mai sayen ƙwai ya tsaya a waje. Mu masu son ziyara ne, abu mai kyau ne kuwa, amma nuna wa baƙo kaji ba ya cikin gaisuwa.

Akwai abu biyu da muke roƙon majalisar kowace ikklisiya ta zauna a kansu. Na fari, gwanjon godiyar girbi. A ran nan kaji daga gidaje arba'in ko hamsin sukan kwanta wuri ɗaya a ɗaure, da yamma kuma su watsu zuwa waɗansu gidajen. Ba ƙaramar kasuwar kaji ba ce. A shekarar da aka ji ƙishin-ƙishin cutar a yankinmu, a roƙi jama'a su kawo kuɗin kazar ko hatsi a madadinta. A sauran shekaru ma, wanda ya saya domin kiwo ya ware ta tukuna.

Na biyu ya fi wuya. Muddin wanda ya kai rahoto shi kaɗai zai ɗauki asarar, mutane za su ci gaba da kiran dillali da dare. Ƙungiyoyinmu sun iya adashi, sun iya tara gudummawar biki da ta rasuwa. Masu kiwon kaji na kowace ikklisiya su rubuta sunayensu wurin katikis, su riƙa ajiye ɗan abu kowane wata, da sharaɗi ɗaya: wanda ya rufe ƙofarsa ya kira likita tun ranar fari, shi za a tallafa wa da 'yan tsaki da abincinsu idan lokacin sake zubawa ya yi. A nemi lambar malamin dabbobi mafi kusa a manna a allon sanarwa, a kuma gayyace shi ya yi wa jama'a bayani wata Lahadi bayan Misa, tun kafin iskar hunturu ta soma kaɗawa.