Darasin Mako: Kwaɗayin Zaƙi Bayan Magariba Ga Mai Neman Rage Ƙiba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Darasinmu na wannan mako ya shafi wani kuka da ake yawan ji a bakin 'yan kasuwarmu, musamman waɗanda likita ya ce su rage ƙiba saboda hawan jini, ciwon gwiwa ko suga da ya fara hawa. Mutum zai ce maka: "Wallahi da rana ina iya ƙoƙarina, amma da an yi sallar magariba sai raina ya biya wani abu mai zaƙi, in ban sha ba barci ma ba ya zuwa." Daga nan sai shayi mai kauri da burodin Agege, ko lemo mai sanyi, ko fanke da cincin. Gari na wayewa an koma gidan jiya.

To abin da za mu fahimta a yau shi ne, kwaɗayin dare tun da rana ake shuka shi. Wanda ya bari sai ƙarfe tara na dare sannan ya fara kokawa da zuciyarsa, ya makara. Tun daga karin kumallo ake fara maganinsa.

Me ya sa sai da dare?

Dalili na farko yana cikin halittar jiki. Masu bincike a jami'ar Harvard ta Amurka sun wallafa a 2013 cewa agogon da ke cikin jikin ɗan Adam yana sa yunwa ta fi ƙarfi wajen ƙarfe 8 na dare, ta fi rauni wajen ƙarfe 8 na safe, kuma sha'awar kayan zaƙi da na gishiri da na sitaci ita ma da yamma take tashi. Ke nan ko ba komai, dare lokaci ne da jiki ke neman abinci. Ba kai kaɗai ba ne, Alhaji.

Na biyu shi ne yadda muke wuni a kasuwa. Ɗauki mai tumatir ko albasa a Mile 12, ko mai dabbobi a Oko-Oba. Kafin asuba mota ta iso, ana sauke kaya, ana ciniki, ba lokacin zama. Da safe shayi ne kawai da burodi, da rana kuma ɗan biskit da lemo a tsaye. Farin burodi da suga suna shiga jini da sauri, jiki ya saki sinadarin insulin don ya kwashe su, bayan awa biyu ko uku suga ya sauka, sai kasala da wata sabuwar yunwa. Mutumin da ya wuni a haka, ya kuma sha cunkoson motocin Legas kafin ya iso masauki, jikinsa bashi yake bin sa. Kuma jiki in ya matsu, abin da ya fi saurin ba shi ƙarfi yake nema, wato zaƙi.

Na uku ƙarancin barci. A 2004 an yi gwaji a jami'ar Chicago, aka hana wasu samari barcin da ya wuce awa 4 har dare biyu. Sinadarin da ke tayar da yunwa ya ƙaru a jininsu, wanda ke sanar da ƙoshi ya ragu, suka kuma fi sha'awar kayan zaƙi da na fulawa. Mu kuwa da yawanmu sai sha biyun dare ana hira a majalisa, ga goro ga shayi, ƙarfe huɗu da rabi kuma an tashi.

Na huɗu sabo. In kullum bayan isha'i ƙafarka tana kai ka teburin mai shayi, to ko ka ƙoshi za ta kai ka. Wuri da lokaci da abokan zama su ne suke kiran kwaɗayin. Sabo turken wawa, in ji Hausawa.

Mu yi lissafi irin na kasuwa

Ɗan kasuwa ba ya gane riba da faɗuwa sai ya buga lissafi, to mu buga. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini. Ga babban mutum wannan ya kama kamar giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi 12. Ta ce in an iya saukowa zuwa giram 25, cokali 6, ya fi. Zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk a cikin wannan lissafin ta saka su.

Yanzu duba robar lemo ta santilita 50. Irin su Coca-Cola kowane mililita 100 yana da suga sama da giram 10, ka ga roba ɗaya ta haura giram 50. Cokali 13 ke nan a zama ɗaya, rabon yini gaba ɗaya ya tafi. Kowane giram na suga kalori 4 ne, saboda haka robar nan ta wuce kalori 200, abin da sai ka yi tafiyar sauri ta kusan minti 45 kafin ka ƙone shi. In kullum da dare roba ɗaya ce, a wata ka sha suga sama da kilo ɗaya da rabi. A ɗora maka kwali uku na St. Louis a gabanka a ce ka cinye a wata, za ka ce an raina maka hankali. Amma a ruwa ana shanye shi ba a sani ba.

Lemon malt da ake kai wa marar lafiya da mai jego a matsayin abin gina jiki, shi ma suga ne cike da shi. Haka zoɓo da kunun aya na sayarwa, don mai yi ta san in bai yi zaƙi ba ba za a dawo ba. Shayin teburi kuwa, ƙwaya huɗu na suga sun kai giram 20, ban da wanda ke cikin Milo ko Bournvita. Ita kanta gwamnati ta ga abin, shi ya sa dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi.

Abin da ya sa na sha ya fi na ci ɓarna shi ne ba ya zama a ciki. Ka ci lemon zaƙi guda biyu da ɓargonsa za ka ji ka ci wani abu. Ka sha roba guda, bayan minti goma tuwo za ka nema kamar ba a yi ba.

Yadda za a bi da shi

1. A yi karin kumallo mai riƙe ciki. Ƙosai ko alale da koko marar suga da yawa, ƙwai biyu, ko wake. A nan Kudu wake ba ya wuya, ko'ina akwai mai ewa, sai dai a ce mata ta rage manja. Wake da ƙwai da kifi suna daɗewa a ciki, ba sa harba suga sama su sake shi.

2. Kada a tsallake abincin rana da sunan rage ƙiba. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. A ware minti 15 bayan azahar a zauna a ci. A rage malmalar tuwo ko shinkafar, a ƙara miyar ganye: kuka, kuɓewa, zogale, ko efo da ewedu na maƙwabtanmu Yarbawa.

3. A tare yunwa da la'asar. Tsakanin la'asar da magariba a ci gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya, ko yalo, ko gurji, ko dafaffen ƙwai, a kora da ruwa. Wanda ya shiga motar gida da ɗan abu a cikinsa ba zai miƙa hannu ta taga ya sayi lemo da biskit a cunkoso ba.

4. A ci abincin dare da wuri, tsakanin magariba da isha'i in da hali. Da an gama a yi asuwaki ko a goge baki. Baki mai tsabta yana gaya wa zuciya an rufe shago.

5. In kwaɗayin ya taso, a ba shi minti 15. Ba ya zama daram, tashi yake yi ya kwanta. A sha ruwa kofi ɗaya, don sau da yawa ƙishirwa ce bayan wunin rana. Sannan ka tambayi kanka: da a ce wake aka kawo min yanzu, zan ci? In za ka ci, yunwa ce ta gaskiya, ci abinci. In kuwa ba za ka ci ba, sai dai alewa ko lemo, to kwaɗayi ne. Tashi ka taka. Masu bincike a Ingila sun ga tafiyar sauri ta minti 15 tana rage sha'awar cakulan ga waɗanda suka saba ci. Takawa zuwa masallaci sallar isha'i da dawowa ta isa, ga lada a sama.

6. A rage sugan shayi a hankali. Mai zuba ƙwaya huɗu ya koma uku na mako guda, sannan biyu, sannan ɗaya. Harshe yana sabawa, bayan 'yan makonni in aka ba ka irin na da za ka ji ya yi maka yawa. A sa citta, kanumfari, kirfa ko na'a-na'a su ba shi armashi. Kuma ka gaya wa mai shayinka da bakinka, in ba haka ba hannunsa ya riga ya saba da ma'auninka.

7. In dole sai an ɗanɗana zaƙi, a zaɓa kuma a ƙayyade. Yankan kankana ko gwanda, lemon zaƙi ɗaya, agwaluma a lokacinta, ko nono marar suga. Dabino abinci ne mai albarka, amma wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa suga ne, saboda haka biyu ko uku sun wadatar. A zuba a faranti a mayar da ledar inda aka ɗauko, kada a zauna da ita a cinya.

8. A gyara barci. Babban mutum yana buƙatar awa 7 zuwa sama. Goro da baƙin shayi bayan magariba suna korar barci, rashin barci kuma yana kawo kwaɗayin gobe. Wanda kasuwarsa ta dare ce ya nemi ƙailula da rana.

Ga iyayenmu mata

Hajiya, makullin wannan al'amari a hannunki yake. Abin da babu shi a ɗaka ba a tashi tsakar dare a ci. Kiret ɗin lemo da ake ajiyewa don baƙi, ki lura, mutanen gida ne suke shanye rabinsa. Baƙo a tare shi da ruwa mai sanyi da ayaba ko zoɓon gida da kika san abin da kika zuba, ba wanda zai ce an wulaƙanta shi. Alkaki da nakiya da dublan na biki ko na tsarabar gida, a raba wa maƙwabta tun ranar da suka iso, a bar kaɗan. Yara kuma abin da suka gani shi suke ɗauka. Yaron da ya tashi yana ganin lemo a gefen kowane kwanon tuwo, haka zai girma.

Gargaɗi guda uku

Na ɗaya, mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke sauke suga, hukuncinsa daban. In ya ji rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya ko jiri, wannan alama ce sugansa ya faɗi, maza ya sha abu mai zaƙi nan take, kada ya ce zai daure. Kuma kada ya sauya tsarin cin abincinsa sai ya yi magana da likitansa. Mai ciki da mai shayarwa su ma haka.

Na biyu, wanda yake fama da ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari da dare, gajiya, ko yana rama ba tare da ya nema ba, ya je a gwada jininsa. In an gwada da safe kafin a karya aka ga 126 zuwa sama, kuma aka maimaita aka sake ganin haka, ciwon suga ne. Daga 100 zuwa 125 kuwa mutum yana bakin ƙofa.

Na uku, a yi hattara da shayin rage tumbi da ake tallarsa a tasha da cikin waya. Da yawansu maganin gudawa ne irin filasko. Ruwan jiki suke zubarwa, kitsen yana nan inda yake.

Kada a yi gaggawa

Rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyar da ke ɗorewa. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2002 ya bi mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 6 da ɗoriya ne kacal. Wanda ba shi da sikeli ya samu igiya ya auna tsawonsa daga ƙafa zuwa kai, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa daidai cibiya. In ba ta haɗu ba, akwai aiki a gaba.

Malamanmu sun sha karantar da mu aya ta 31 a Suratul A'araf da ta halatta ci da sha ta kuma hana wuce iyaka, da hadisin da Imam Tirmizi ya ruwaito a kan kasa ciki gida uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Zaƙi halal ne, ba wanda ya haramta shi. Amma mu baƙi ne a garin nan, neman abinci ya kawo mu, akwai iyali a gida da suke jiran aike. Ranar da ciwo ya kwantar da mutum, shago a rufe, kuɗin magani kuma daga cikin uwar kuɗi zai fita.

Aikin wannan mako guda biyu ne kawai: a ci abincin rana a zaune, a kuma cire lemon dare a sa ruwa a gurbinsa. Wanda ya zame rana ɗaya ya ci gaba washegari, kada ya ce tunda ya karya shi ke nan. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcin rumfarsa, ya kuma kai takardar gida.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya mayar da mu gida lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakataren Masallaci