Darasin Wannan Wata: Wace Kalma Ke Bin Sunanka A Kasuwa?

Darasinmu na wannan wata na masu ƙananan sana'o'i ne: mai shayi, tela, mai awo, baduku da mai tallan nono.

Hausawa sun ce suna linzami ne. To, a kasuwa suna ba ya tafiya shi kaɗai. Kullum akwai kalmar da ke biye da shi. A cikin garin Sakkwato, in an ce Maƙera Assada, sai ka tuna da ƙira. In an ce Shiyar Maɗunka, sai ka tuna da aikin fata. In an ce Aliero, albasa. In an ce Argungu, kifi. Ba shela aka yi ba. An daɗe ana abu ɗaya ne, har sunan ya manne da shi.

Haka yake ga mutum. Masu awon gero biyu suna zaune kusa da juna. Ana kiran ɗaya "mai cika kwano". Ɗayan kuwa, in ya ba da baya, sai a ce "mai algus". Shi bai san da wannan suna ba, don ba a faɗa a gabansa. Sai dai ya ga ciniki yana ja da baya, ya ce ai kasuwa ce ta mutu. Kasuwa ba ta mutu ba. Kalmar da aka liƙa masa ce ke korar mutane.

Akwai kuma hasarar da ta fi wannan ciwo: kaya naka, suna na wani. Ku dubi jar akuyar Sakkwato. Fatarta na cikin fatu mafi kyau a duniya. Shekaru aru-aru fatake suna ɗora jemammiyar fatar a kan raƙuma, su keta Sahara zuwa Arewacin Afirka. Daga can ake kai ta Turai, inda ake yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Amma me Turawa suka kira ta? Fatar Maroko. Makiyayinmu ya yi kiwo, majeminmu ya sha warin jima, yabo ya tafi wata ƙasa. Mai saye bai san inda ta fito ba, ya san inda ya same ta ne kawai.

Ga akasin haka. Maggi sunan mutum ne, Julius Maggi, ɗan ƙasar Suwizalan. Kamfaninsa ya fito da ɗan dunƙulen nan a 1908, da sunan a jiki. Yau uwargida tana aiken yaro ya sayo "magi", ko da na wani kamfani take nufi.

A nan karatun da kuka koya zai yi muku rana. Da, kowa bakinsa ne allonsa. Yanzu kana iya rubutu. Rubuta sunanka a buhunka, a teburinka, ko a ƙofar shagonka. Ka haɗa shi da kalma ɗaya: tsabta, ko cika alkawari, ko sauƙi. A ganinmu ɗaya ta isa. Wanda ya ce shi ne mafi araha, mafi kyau, kuma mafi sauri, ba a yarda da ko ɗaya. Kuma kada ka zaɓi abin da ba za ka iya riƙewa ba. Telan da ya rubuta "alkawari" a allonsa, ya hana mutane ɗinkinsu ranar jajibirin salla, gara bai rubuta ba.

Aikin gida: kafin ranar kasuwa mai zuwa, tambayi mutum uku da ke ciniki da kai, "In ka ji sunana, wace kalma ke fara zo maka?" Kada ka tambayi ɗan'uwanka, zai ji nauyinka. Rubuta amsoshin a littafinka, ka kai wa malamin ajinku ku karanta tare.