Darasi: Hazo da girgije, labulen rana

Lokacin ɗari, wata rana mukan tashi mu tarar hazo ya rufe gari. Rana ta yi fari kamar faifai, zafinta ya ragu. Mi ya tare ta?

Hazo ƙura ce mai laushi ƙwarai. Iska ke ɗauko ta daga hamada. Wuri mafi ba da ƙura a duniya shi ne kwarin Bodele, cikin ƙasar Cadi, inda ruwan tafkin Cadi ya taɓa kwanciya. Ƙurar tana biyowa ta Damagaram da Maraɗi da Yamai. Wata ma takan ƙetare tekun Atalantika har Amurka ta Kudu.

Hasken rana shi ke ɗumama ƙasa, amma ba duka ke isowa ba. Cikin kashi 100, kamar kashi 30 suna komawa bisa. Girgije ke maida mafi yawansu, hazo kuma yana taimakawa. Da rana su labule ne. Da dare kuwa girgije bargo ne, yana hana zafin ƙasa tserewa. Shi ya sa daren da babu girgije ya fi sanyi.

Wanda ke ƙasa gindin labulen kaɗai yake gani. Don a gan shi daga bisa, sai an aika tauraron ɗan Adam. A 1977 Turawa suka harba Meteosat na farko. Ya tsaya bisa tekun Gini, nisan kilomita 36.000, yana zagaya duniya sau ɗaya a kwana guda. Tafiyarsu ɗaya da duniya, saboda haka kullum Afirka na gabansa. Yakan ɗauki hoto kowane minti 30. Waɗanda suka gaje shi sun fi shi sauri.

Tauraron yana auna hasken da ya koma bisa, yana kuma auna zafi. Girgije mai tsawo, kansa sanyi gare shi ƙwarai, kuma irinsa ke kawo ruwa. Da wannan ne cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, ke ƙiyasta ruwan damana, har a san inda hatsi ke cikin haɗarin fari.

A watan Maris na 2006 babbar ƙura ta rufe Yamai. Masana suka auna daga bisa da tauraro, suka auna daga ƙasa da na'urori. Suka ga hasken da ke isowa gari ya ragu sosai, wanda ke komawa bisa kuma ya ƙaru.

Tambayoyi
1. Daga ina hazo ke fitowa?
2. Don mi daren da babu girgije ya fi sanyi?
3. Wane amfani Meteosat ke yi wa manomi?

Aiki
Ku zuba ruwa cikin kwano biyu, ku aje su a rana. Ku yi wa ɗaya rumfa da farin ƙyalle. Bayan awa ɗaya ku sa yatsa. Wanne ya fi ɗumi? Ku rubuta dalili cikin littafinku.