Ki Keɓe Ta Kafin Ki Tambaye Ta

Ma'aikaciyar jinya, idan an kawo miki yarinya mai ƙuna a hannu ko tsohon rauni da ya ruɓe, ki lura da wanda ke amsa tambayoyinki. Kika tambayi sunanta, matar da ta rako ta ta amsa. Kika tambayi inda ke mata ciwo, matar ta sake amsawa. Yarinyar kanta a sunkuye, ba ta san sunan unguwar da take kwana ba, kuma labarin raunin bai yi daidai da abin da idonki ke gani ba. Irin wannan ba hujjar fataucin mutane ba ce tukuna, amma ya isa ki tsaya.

Abu na farko, ki raba su cikin hikima. Ki ce, "Hajiya, ki ɗan jira a waje, za mu duba ta." Idan yarinyar ba ta jin yarenki, ki nemo ma'aikacin asibiti ya yi tafinta, kada mai rakiyar ta yi. Sannan ki tambaya a hankali: Wa ke karɓar kuɗin aikinki? Kina fita idan kin so? Yaushe rabonki da iyayenki? Babba kuwa, ki tambaye ta ko fasfonta na hannunta, ko an ɗora mata bashin kuɗin tafiya.

Wannan keɓewar ce ta fi komai muhimmanci a wurina. A 2022 an kai wani saurayi mai talla daga Legas zuwa wani asibiti a Landan don a cire ƙodarsa. Likita ya lura bai fahimci abin da ake shirin yi masa ba, aikin bai yiwu ba. A 2023 kotu ta ɗaure Sanata Ike Ekweremadu kan lamarin.

Kada ki fuskanci mai rakiyar da zargi, domin yarinyar ce za ta sha dukan idan sun koma gida. Ki yi maganin abin da ya kawo ta, ki rubuta raunukan yadda kika gan su, ki sanar da shugabar sashenki. Yaro ƙarami ba a jiran yardarsa kafin a kai rahoto. Babba kuwa a nemi amincewarta. A Najeriya hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, ita ke da alhakin yaƙi da fataucin mutane, kuma tana da ofishi a Kano. Idan kina tsoron sallamar yarinyar, ki roƙi likita ya ba ta gado har jami'ai su iso.