Darasi: Giyar Sha'ir da Idin Faska

Abin karantawa: Fitowa 12:14-20, 1 Korintiyawa 5:6-8

Sa'ad da Ubangiji ya fitar da Bani Isra'ila daga Masar, ya umurce su su kawar da yisti daga gidajensu har kwana 7. Yahudawa suna kiyaye wannan umurni har wa yau. Abin da aka hana kuwa, da Ibrananci ana ce da shi hames.

Malamansu sun ce hatsi iri 5 ne dokar ta shafa, wato alkama, da sha'ir, da waɗansu uku danginsu. Idan ruwa ya taɓa garinsu har minti 18 ba a gasa ba, ya zama hames. Ba a cinsa, ba a kuwa ajiye shi. Saboda haka da dare kafin idi maigida yakan kunna kyandir ya bincika kowane lungu, da safe ya ƙone abin da ya samu.

To, ina zancen giya? Ba ta yi kama da gurasa ba, amma asalinsu ɗaya ne. Mai yin giya yakan jiƙa sha'ir har ya tsiro, kamar yadda a ke yi wa dawar burukutu, sa'an nan ya niƙa, ya dafa, ya bar shi ya yi tsami. Domin wannan littafinsu Mishna, wanda aka harhaɗa wajen shekara ta 200, ya lissafta giyar Midiya cikin abubuwan da za a kawar.

Bayahuden da ya ke so ya yi giyar idi ba shi da iko ya tace tsohuwar ya ce ta tsarkaka. Sai ya bar sha'ir sarai, ya ɗauki dabino, ko zuma, ko sukarin rake. Yistin da zai zuba, kada ya zama an rene shi a kan hatsi. Tukwanen kuma sai sababbi, ko waɗanda aka tsarkake da tafasasshen ruwa.

Ba domin mu koyi shaye-shaye a ke faɗa mana wannan ba, gama Afisawa 5:18 ta gargaɗe mu a kan buguwa. Abin lura ke nan: Bulus Manzo ya kamanta zunubin da ikilisiyar Korinti ta ƙyale da yisti kaɗan wanda ya kan game dukan curi. Zunubi yakan sake kama, ya ɓuya inda ba mu zata ba, cikin riba, ko hira, ko abota. Gyaran bisa-bisa ba ya fitar da shi. Almasihu, Ɗan Ragon Faskarmu, an riga an miƙa shi. Ya wajaba mu bincika gidan zuciyarmu, mu tuba, mu soma sabuwar tafiya.

Tambayoyi

1. Don me giyar sha'ir ta shiga cikin dokar yisti?
2. Wane irin yisti ne ikilisiya ta kan ƙyale don kunya?
3. Wane lungu ne na ranka ba ka haskaka ba tukuna?